Tukunya Ɗaya a Kobbenes

Kobbenes,
14 ga Janairu.

Zuwa ga Yayata Torunn,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙugun naki? Ina fatan kina yin motsa jikin da likita ya koya miki, ba ki jefa takardar a bayan kabad ba kamar yadda kika saba. Yaya sanyin Trondheim, yaya jikoki? Mu nan lafiya ƙalau. Maigidana Arnfinn yana gaishe ki, ya ce a tambaye ki ko har yanzu na'urar jin maganar taki tana kwance a aljihun tebur tana hutawa. Tunda kin rantse ba za ki sa ta ba, a waya kuma sai in yi ta ihu har maƙwabta su ji sirrina, to ga alƙalami na ɗauko. Sai ki yi haƙuri da rubutuna.

Rana ba ta leƙo mu ba tukuna, kin san hunturunmu na can ƙuryar arewa, makonni ake yi ba ta fito ba. Kifin hunturu kuwa ya fara shigowa, Arnfinn da jirginsa na kamun kifi ba sa zama, kamfanin kifi ya koma aiki ba ji ba gani.

Makon jiya na yi awon 'yan aji uku kamar kowace shekara: a hau sikeli, a gwada tsawo, a buɗe baki, a ɗan yi hira. Yaya, shekarata goma sha tara ina nas a makarantar nan, har na kai idan aka rufe sunan yaro aka nuna mini awonsa kawai, zan gaya miki unguwar da yake kwana. 'Ya'yan kan tudu, tubarkalla. 'Ya'yan gidajen haya na bayan kamfani, ko dai ƙiba ta banza ko rama, haƙora kuwa ba a magana. Tsakanin unguwannin nan biyu tafiyar minti bakwai ce, ni na gwada da ƙafata. Abin da ya fi ƙona mini rai, iyayen nan su ke feɗe kifi daga safe har yamma, a loda shi a manyan motoci a yi kudu da shi, sannan su shiga kanti su tarar fizar firji, abincin kwalin nan da ɗumamawa kawai ake yi, ta fi yankan kifi ɗaya araha.

Akwai wata yarinya da ta tsaya mini a rai. Ke ma tsohuwar nas ce, kin san maganar da ba ta wuce tsakaninmu. Sunanta Ugne, shekararta takwas. Uwarta Daiva 'yar Lituwaniya ce, shekararta uku tana aiki a kamfani, su biyu ne kawai a gida. Yarinyar ba ta ƙara komai a kan awon da na yi mata tana aji biyu ba, cikin idonta fari fat, malamarsu ta ce da ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce sai gyangyaɗi. Ƙunshin abincinta a ƙarƙashin tebur take buɗe shi, ta ɗan mintsini farin burodi ta mayar jaka. Na rubuta wa uwar wasiƙa a takardar ofis da hatimi, na ce ta zo mu tattauna yanayin abincin yarinyar a gida. Haka ƙa'ida ta ce a yi, kuma na tabbata zama ɗaya zai wadatar.

Amma ni na gaji da rubuta wasiƙu gida-gida. Abin da nake so shi ne a ɗora tukunya a makaranta, a dafa abinci mai zafi, yara sittin da huɗun nan su ci gaba ɗaya. Kin tuna bara na ajiye kwandon burodi da tuffa a ƙofar ofishina saboda duk wanda bai zo da ƙunshi ba? Har burodin ya bushe babu yaron da ya taɓa. To wa zai miƙa hannu a gaban 'yan ajinsu ya yi shelar cewa gidansu babu? Shi ya sa na ce ko kowa ya ci, ko a bari.

Na kai wa Steinar maganar. Kin san shi, tun muna yara kansa kamar dutse, zamansa hedimasta kuma bai sassauta shi ba. Ya ce, “Gunvor, ƙunshi ne ya raini ƙasar nan. Yanka biyu na burodi da cuku a naɗe a takarda, da shi muka girma ni da ke.” Na ce, “Da shi muka girma, Steinar, shi ya sa ka sa haƙoran roba tun kana ɗan arba'in.” Ya kore ni daga ofis, amma yana dariya, kuma na san dariyar Steinar. Zai yarda.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa sa safa mai kauri, don Allah.

Ƙanwarki,
Gunvor.

Kobbenes,
3 ga Fabrairu.

Yayata Torunn,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na ji daɗin cewa kin fara hawa bene ba sanda. Kin ce na cika baki da yawa a kan Steinar. To, ki buɗe kunnen da ya rage miki: ya yarda! Ya ba ni Talata da Alhamis daga ƙarshen wannan wata har hutun Ista, a matsayin gwaji. Idan abin ya yi kyau, sai mu kai wa kansiloli su ɗauke shi har abada. Likitan ƙaramar hukuma yana bayana, ya ce in rubuta komai, daga yawan masu ci har yawan masu gyangyaɗi.

Aikin gayya za mu yi. Arnfinn ya zagaya kwata, can bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, jirage biyar sun yi alkawarin kifi. Ɗakin girkin da ke ƙasan makaranta mun wanke shi tas, na kuma manna takarda a bangon zaure, duk mai son taimakawa ya rubuta sunansa. Kafin kwana biyu ta cika rabi.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa. Daiva ba ta zo ba. Na zauna da kofi biyu a gabana har suka huce, ko waya ba ta yi ba. Na ce ƙila aiki ne, tunda yanzu awa goma sha biyu suke yi a tsaye. Ashe ba a nan take ba. Ranar Laraba malamar aji uku ta shigo ofishina ta rufe ƙofa, ta ce Ugne ta gaya mata ranar da za a shiga hutun Ista za a sa ta jirgi zuwa wurin kakarta a Lituwaniya. Malama ta ce mata, “Kai, kin ji daɗi, sai ki kawo mana labari.” Yarinyar ta ce, “Ba zan dawo ba. Mama za ta zauna a nan, ni zan zauna can.”

Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar nan ko bakin makaranta uwar ta zo ɗaukarta, sai ki ga ta ruga ta maƙale mata a wuya kamar sun shekara ba su haɗu ba. Me zai sa uwa ta raba kanta da irin wannan 'ya? Har na fara zarginta a zuciyata, na ce wato aikin ya fi mata yarinyar. Allah ya yafe mini idan na zalunce ta.

Na yi tunani, na ga ofis yana da kwarjini, wasu ba sa son shigarsa. Sai na yanke shawarar in bi ta da lalama, ni in je wurinta. Na aika mata saƙo a waya cikin ladabi, na ce idan ba damuwa zan shigo gidanta shan kofi ranar Alhamis, sha huɗu ga wata, ƙarfe biyar daidai. Mako biyu cur na ba ta, don kada ta ce na faɗo mata babu shiri. Ta amsa da kalma ɗaya: “To.” Kin ga an fara samun haske ke nan.

Rana ta leƙo ranar Talata, minti goma kacal, duk makaranta muka fita muka tsaya muna kallonta da baki buɗe. Ki sha maganinki a kan lokaci.

Taki har kullum,
Gunvor.

Kobbenes,
17 ga Fabrairu.

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki yana ƙara sauƙi. Yau ba zan tsaya dogon tambaye-tambaye ba, domin kwana uku ke nan ina ɗauke da kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ke kaɗai zan iya sauke wa.

Ranar Alhamis na tashi daga aiki na zarce gidan Daiva. Ban ma lura ba, katin aiki yana rataye a wuyana, jakar ofis a kafaɗa. Biyar saura minti ɗaya na ƙwanƙwasa, har ina yaba wa kaina cika alkawari. Ta buɗe, na cire takalma na shiga. Ɗakin sai ƙamshin maganin wanke ƙasa, ko ƙura ɗaya babu. Ugne tana zaune a kujera cikin farar riga, an yi mata kitso da ribom, hannuwanta a kan cinya, ko motsi ba ta yi. A kan tebur kuwa, maimakon kofi, takardu ne a jere: ta aiki, ta haya, katin rigakafi, har takardar haihuwa.

Kafin in buɗe baki Daiva ta wuce ta buɗe firji, ta ja gefe ta tsaya. Ta ce, “Ga shi. Duba, ki rubuta.”

Yaya, firjin nan a cike yake maƙil. Madara, ƙwai, karas, kabeji, kifi, tuffa an jera su kamar a kanti. A jikin wata robar nono na hango an rubuta sunan wata mata daban da baƙin alƙalami. Nan take na gane maƙwabta ne suka kwashe nasu suka tara mata.

Na ce, “Baiwar Allah, me zan rubuta? Kofi na zo sha.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Kofi? Wane irin mutum ne zai aiko da rana da ƙarfe, mako biyu kafin ya sha kofi?”

Na ce, “Mu.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce matan da suke aiki tare duk sun gaya mata yadda abin yake tafiya: da fari wasiƙa mai hatimi, sai ziyarar gida, daga nan sai a zo a ɗauke yaro a kai shi gidan da uwarsa ba ta sani ba. Ta ce, “Wasiƙa ta zo. Na ƙi zuwa, sai ga ziyara. Kwana goma sha huɗu ina ƙirga ranar nan, abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Yanzu ki ce mini kofi?”

Na cire katin nan na cusa shi a aljihu, na nemi kujera na zauna. Ni da nake tinƙaho da sanin unguwar kowane yaro, shekara uku ina wuce matan nan a hanya ban san da abin da suke kwana suke tashi ba. Na rantse mata babu wanda ya ambaci ɗauke Ugne, ƙarancin jini ne kawai nake zargi, abin da ƙwaya da abinci za su gyara cikin wata uku. Ta ce, “Kowa haka yake cewa da farko.”

Sai ta tura yarinyar gidan maƙwabciya, ta juyo kaina. Kai, na sha faɗa! Ta ce, “Kin rubuta wai yanayin abinci a gida. Kin san ni wace ce? Shekara tara ina shugabar masu girki a wata makaranta a Utena, can ƙasarmu. Yara ɗari huɗu, miya da abinci mai zafi kullum rana. Ke za ki koya mini ciyar da yaro?” Ta ce watansu na farko a nan, ƙarfe huɗu take tashi ta dafa miyar kabeji da sha'ir, ta zuba wa Ugne a filas. Yara suka riƙa toshe hanci suna matsawa daga kusa da ita. Wata malama kuma ta ja yarinyar gefe, da murmushinta, ta ce mata a nan burodi muke ci. Tun daga ranar Ugne ta ce ko mutuwa za ta yi ba za ta ƙara ɗaukar filas ba. Burodin kuma ba ya shigar mata, sai ta wuni da yunwa.

Na ce to da yamma fa? Ta ce, “Yaushe kayan miya suke zuwa garin nan?” Na ce Talata da safe, a jirgin fito. Ta ce, “Ke ƙarfe nawa kike zuwa kanti?” Na ce da hutun rana. Ta ce, “Ni ƙarfe shida saura nake fitowa. Ki je a lokacin ki ga abin da kuka rage mana, in ban da albasa mai tsiro.” Wallahi, Yaya, ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali ina cikin masu kwashewar.

Daga ƙarshe na roƙe ta ta bar yarinyar. Ta ce tikiti ta riga ta saya, Asabar ɗin shiga hutun Ista, wata abokiyar aikinta za ta raka ta. Ta ce, “Gara in yi kewarta tana hannun uwata, da in yi kewarta ban san inda take ba.” Ta raka ni ƙofa, kofin dai ban sha ba.

Arnfinn ya ce in bar matar mutane ta huta, na yi ɓarnar da ta isa. Na ce ɓarnar ni na yi ta, ni kuma zan gyara. Saura mako takwas, kuma ba a taɓa sanina da zama in naɗe hannu ba. Kada ki rubuto ki ce kin faɗa mini, domin ba ki faɗa ba.

Ƙanwarki mai jin kunya,
Gunvor.

Kobbenes,
17 ga Maris.

Yaya Torunn,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kin wuce murar da kika ce ta kama ki. Na gode da ba ki yi mini dariya ba, ko da yake na san kin yi, ba ki dai rubuta ba ne.

An ɗora tukunya! Dokokina uku ne: kowa zai ci har malamai, babu mai biyan ko sisi, babu takardar sunayen mabuƙata. Wurin zama kuma ƙuri'a ake ja, ɗan manaja ya faɗa kusa da ɗan mai shara, ruwansu.

Ranar farko ni na yi girkin, da matan kan tudu huɗu da suka rubuta suna. Kin san hannuna a girki, ba sai na yi miki bayani ba. Kifin ya narke ya bi ruwa, dankalin ya ƙi nuna, ƙasan tukunya ya kama. Yara suka riƙa juya cokali suna kallona da tausayi. Steinar ya leƙo, ya shinshina, ya koma ofis ya warware ƙunshinsa, har da rufe ƙofa.

Da yamma na tsaya gaban takardar nan ta bango ina karanta sunaye, sai na ga babu ko mutum ɗaya daga bayan kamfani. Mu a wurinmu takardar bango ita ce gayyata. Su kuwa, wanda bai zo ya dubi idonki ya ce ki taimake shi ba, bai gayyace ki ba. Sai na zuba ragowar miyar a kwalba, na tafi ƙofar kamfani lokacin tashi, babu saƙo babu sanarwa. Yaya, shekarata hamsin da shida, ban taɓa faɗo wa mutum haka ba.

Ta fito cikin takalman roba, ta gan ni ta tsaya cak. Na miƙa mata kwalbar da cokali a gaban ƙawayenta, na ce, “Abin da na ba yara yau ke nan. Na kasa, ki taimake ni.” Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta ɗanɗana ta tofar. Daiva ta ce, “Wannan kika ba 'yata? Ai ni ya kamata in rubuta miki wasiƙa mai hatimi.” Matan suka kwashe da dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su.

Manajan kamfani bai ba ni wahala ba, domin ɗansa ya riga ya kai masa ƙarar miyata a gida. Ya saki Daiva safiya biyu a mako ta zo ta yi mana girki, albashinta yana tafiya. Mai kanti kuwa sai da muka yi ta ja, amma yanzu rabin kayan miyan yana ɓoye su a ciki, ba ya fito da su sai ƙarfe biyar. Matan kan tudu suna ta ƙorafi, na ce su saba.

Ki zo ki ga Daiva a ɗakin girki! Matar likita ma ba ta tsira ba, ta sa ta sake yanka karas wai ta yi su manya kamar na doki. Kan kifi da ƙashin da muke zubarwa, ita da su take haɗa romo. Ranar Alhamis ta uku ta dafa miyar nan ta kabeji da sha'ir, ita dai wadda aka toshe wa hanci. Ƙamshin ya cika makaranta har zaure. Da yake kowa shi yake ci, wa zai toshe wa wa hanci? Ugne ta ci kwano biyu, na ƙirga. Steinar ya fito da kwanonsa ya bi layi a bayan 'yan aji ɗaya, ya ce wai dubawa ya zo yi. Na ce, “Duba da kyau, Hedimasta, ga cokali.”

Maganar tikiti dai tana nan. Sau ɗaya na taɓo ta, Daiva ta ce, “Na zo ne in ga abin da kuke zuba wa 'yata kafin ta tafi. Miƙo gishiri.” Jinin yarinyar ma ba ta yarda an duba ba, ni kuma ban matsa ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara tambaya ba. Amma ina ganin yadda take leƙen yarinyar ta tagar ɗakin girki, kuma jikina yana ba ni za mu yi nasara.

Ki gaida jikoki. Ki rufe ƙirjinki da kyau.

Taki,
Gunvor.

Kobbenes,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga Yayata Torunn,

Ina miƙo gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da duk na tare da ke, Allah ya sa a yi hutun Ista lafiya. Zauna tukuna kafin ki karanta.

Ranar Alhamis muka sauke tukunyar ƙarshe ta gwaji. A cikin yara sittin da huɗu, uku ne kawai suka riƙe ƙunshinsu har ƙarshe. Malamai sun ce gyangyaɗin rana ya ragu ƙwarai a ranakun miya, likita ya haɗa rahoto, a watan gobe za mu tsaya gaban kansiloli. Steinar da bakinsa ya ce shi zai fara magana. Wannan ba ya ba ni tsoro ko kaɗan.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne jiya. Duk cika bakin da na yi miki, mako biyun nan na ƙarshe ban san ɗanɗanon abinci ba. Daiva ba ta ce uffan a kan tikitin ba, Ugne ma an ja mata kunne. Da muka gama wanke tukwane ranar Alhamis, sai ta ce mini sai wani jiƙon, ta ɗauki jakarta ta fita.

Jirgin fito yana tashi ƙarfe goma. Tun tara da rabi ina kwata, na fake a jikin rumfar kaya kamar mai jiran saƙo. Can sai ga su tafe su uku: Daiva tana jan wata ƙatuwar akwati, Ugne a gefenta da jar hula, ga abokiyar aikin da aka ce za ta yi rakiya. Yaya, sai na ƙara lafewa a jikin rumfar. Na ce shi ke nan, wasiƙata ta raba uwa da 'yarta, in na ga dama in ciyar da duk yaran ƙasar nan, wannan ba za ta goge ba.

Suka isa bakin jirgi. Ma'aikaci ya karɓi akwatin, matar ta rungumi Daiva, ta sunkuya ta sumbaci Ugne, ta hau. Aka janye gadar hawa jirgin. Ugne tana tsaye a ƙasa tana ɗaga hannu.

Ban san na fito daga maɓoyata ba sai da na ji muryar Daiva tana cewa, “Malama nas, me kike yi a nan da sanyin safiya?” Na ce saƙo na zo karɓa. Ta ce, “Ƙaryarki ma irin miyarki ce, ba ta haɗuwa.” Na nuna jirgin, na ce akwatin fa? Ta ce busasshen kifi ne da rigunan sanyi ta aika wa uwarta. Tikitin kuwa tun mako biyu da suka wuce ta mayar da shi, ranar da Ugne ta dawo gida ta ce wata yarinya ta tambaye ta ko mamanta za ta yarda ta koya wa tata mamar miyar kabeji.

Na ce, “Mako biyu? Kina kallona ina ramewa, kika yi shiru?” Ta ce, “Ai kun ce ku mutanen mako biyu ne.”

Na fashe da kuka a tsakiyar kwata, ni da ko a jana'izar Baba sai da na shiga mota na yi nawa. Masunta suna kallo, Arnfinn ma ashe yana cikinsu, ya juya baya wai yana gyara igiya. Ugne ta ciro tsumman hancinta ta miƙo mini.

Daiva ta bari sai da na natsu, sannan ta dafa kan yarinyar ta ce, “Wannan jinin da kike ta magana. Laraba bayan Ista kina ofis?” Na ce ina nan. Ta ce, “To, zan kawo ta ki duba. Ni zan riƙe mata hannu.”

Na ce ƙarfe nawa, har na fara laluben alƙalami a aljihu. Ta kama hannun 'yarta suka juya suka nufi gida, ta waiwayo ta ce, “Idan kin gan mu, mun zo.” Zan buɗe ofis tun bakwai, in zauna in jira.

Ki huta lafiya, Yayata. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki da ke ƙaunarki,
Gunvor.